Ido Ɗan Aike ne, Hukunci na Ƙwaƙwalwa

   

Kakanninmu sun bar mana karin magana biyu game da ido, ɗaya ta ce gani ya kori ji, ɗaya kuma ta ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. Ni kuwa a wurina ta biyun ta fi zurfi, domin idan mai awo a kasuwar Mayahi ta dubi tsibin hatsi ta ce tiya goma ne, aka auna aka tarar haka ɗin ne, to abin da ya shiga idonta haske ne da launi kawai, ƙimar kuwa ta fito ne daga awon shekara da shekaru da ke ajiye cikin kanta.

Shehun malamin da ya bi wannan mas'ala da hujja da jarrabawa shi ne Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bar mana Kitabul Manazir mai maƙala bakwai. Shi ne ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, saɓanin waɗanda suka ce ido ke jefa haske waje. Sa'an nan ya ƙara da cewa nisan abu, da girmansa, da gane ko mene ne, duk ana samunsu ne ta hanyar tamyizi da ƙiyasi da tuna abin da aka taɓa gani, ƙiyasin da ke gudana da sauri har mai shi ba ya jin ya yi shi. Sai bayan shekara ɗari takwas wani Bajamushe, Helmholtz, ya maimaita kusan wannan magana a 1867.

Likitocin zamani sun leƙa ciki sun ga dalili. A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyi masu karɓar haske fiye da miliyan 100, amma jijiyar da ke kai saƙonsu zuwa ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce kimanin miliyan ɗaya ba, wato tun a bakin ƙofa an taƙaita labarin. Hoton da ke sauka kan tantanin kuma a kife yake, sama a ƙasa, sai can wajen ƙeya ake fassara shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, daidai inda jijiyar nan ta huda tantanin ta fita, babu ƙwayar gani ko ɗaya, saboda haka kowane ido yana da gurbin da ba ya ganin kome, kamar yadda Mariotte na Faransa ya bayyana a 1668. Kowa ya jarraba yanzu: ka rufe idon hagu, ka miƙe hannuwanka da manyan yatsu a tsaye, ka kafe idon dama kan yatsan hagu, ka ja na dama a hankali zuwa dama kamar taƙi guda, kan yatsan zai ɓace, ba kuwa za ka ga rami baƙi a wurin ba, bangon da ke bayansa za ka gani. Ido bai kawo wannan yankin bango ba. Ƙwaƙwalwa ce ta dubi kewaye ta cike gurbin da abin da ta ga ya dace.

Wanda ya bi kwalta daga Tasawa zuwa Gazawa da tsakar ranar bazara ya san kawalwalniya, wadda Alƙur'ani ya buga misali da ita a Suratun Nur. A nan ɗan aike bai yi ƙarya ba, gama hasken sama ne iska mai zafi da ke bisa hanya ta lanƙwaso zuwa ido. Mai hukunci ne, da yake ya saba haske miƙe yake tafiya, kuma ya saba abin da ke ƙyalli a ƙasa ruwa ne, ya yanke cewa tafki ne. Haka farin wata daren sha huɗu, idan ya ɓullo ta bayan itatuwan goriba na Gulbin Kaba sai ka ce faifai, in ya kai tsakar sama ya ƙanƙance, alhali kan ɗan yatsa guda yana rufe shi a duka wuraren biyu. Ina jin da sanin irin wannan rauni ne malamanmu na Malikiyya ba su tsayar da watan azumi ga jama'a da shaidar mutum ɗaya ba, sai adilai biyu ko taro mai yawa, domin mai gaskiya ma, idan ya ƙwallafa rai ga jinjirin wata, zai iya ganinsa a ɗan siririn gajimare.

To, ga inda nake so mu tsaya. Idan ƙwaƙwalwa tana cike ɗan gurbi a lafiyayyen ido, me za ta yi sa'ad da ido ya dushe, saƙo ya yanke mata? A shekara ta 1760 wani masani na birnin Janeba, Charles Bonnet, ya rubuta labarin kakansa, dattijo da ya haura tamanin, wanda yanar ido ta raunana masa gani, ya riƙa ganin mutane da tsuntsaye da kekunan doki da gine-gine suna bayyana suna ɓacewa, ga shi kuwa da hankalinsa garau, ya san babu su. Likitoci har yau da sunan Bonnet suke kiran wannan hali, kuma alamarsa ita ce gani ne kawai, babu murya, mai shi kuma yakan gane cewa abin ba ya nan.

Na sha zama da dattawa a ƙauyukanmu waɗanda yana ko amodari ya ci musu ido, kuma na ji tsohuwa ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa, cewa da magariba takan ga yara zaune a gindin rumbu. Ta ɓoye abin wata da watanni don tsoron kada a ce ta taɓu, ko a ce iskoki ne, jikoki su guje ta. Wallahi abin ya sosa mini rai, domin azabar ɓoyon ta fi ta ciwon. Ban zo musun abin da shari'a ta tabbatar na gaibu ba. Abin da nake cewa shi ne, Wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, kuma wajibi ne a fara duba sababin da ke kusa. Aikin yanar ido a yau ba ya kai sa'a guda, ana cire abin da ya dushe a sa wani garau a madadinsa, kuma sau da yawa idan gani ya dawo, baƙin nan sukan ragu ko su ɗauke.

Saboda haka ina roƙon limamai su faɗi wannan a masallatai, malaman lakkol su koya wa yara jarrabawar yatsa su kai ta gida. Ku kuma ƴan'uwa, duk mai tsoho a gida wanda ganinsa ya ragu, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi cikin ladabi ko yana ganin wani abu, ya kwantar masa da hankali, sa'an nan ya kai shi asibitin Tasawa ko na Mayahi a duba idon, in ta kama a wuce da shi Maraɗi. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.