Amanar Ƙiyasi: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Ilmin Akanta





'Ya'yana da ake yayewa a yau, ina taya ku murnar ganin wannan rana, ina kuma taya iyayenku, waɗanda suka tauye cikinsu don ku sami abin da da yawa daga cikinsu ba su samu ba. Amma da yake al'ada ce idan za a sallami matafiyi a faɗa masa inda hanya ta fi santsi, na ga ya kamata in yi amfani da wannan dama in ja hankalinku ga wata jarrabawa wadda ba a rubuta ta a zauren jarrabawa, ita ce ranar da manajanku zai kira ku ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce cikin lallashi ku sake duba masa ƙiyasin nan.

Kun sani fiye da ni cewa littafin kamfani kashi biyu ne. Akwai abin da rasiti ya tabbatar, wanda mai son ƙarya a cikinsa sai ya ƙirƙiri takarda. Akwai kuma abin da ba shi da madogara sai hukuncin akanta, kamar shekarun da inji zai yi yana aiki, da kuɗin da kwangila za ta ci kafin a gama ta, da bashin da ba a sa ran za a biya, da yadda za a raba kuɗin wuta da haya da gyara a kan kayan da masana'anta ta sarrafa. A wannan kashi na biyu ne fitina take, domin a nan mutum yana iya karkatar da gaskiya ba tare da ya rubuta lamba ɗaya da za a iya nuna ta a ce ƙarya ce ba.

Ku ɗauki misali. Kamfani ya sayi inji na Naira miliyan 100, injiniyoyi suka ce zai yi shekara 10, sai ya zama kowace shekara ana cire miliyan 10 daga riba saboda tsufansa. Idan aka matsa wa akanta ya rubuta shekara 20, abin da za a cire ya koma miliyan 5, riba ta ƙaru da miliyan 5 alhali ko kwabo bai shigo ba. Haka nan masana'antar da ɗawainiyarta ta dindindin ta kai miliyan 120 a shekara, wadda kasuwarta ba ta wuce buhu 60,000 ba: idan manaja ya sa aka sarrafa buhu 80,000, kason kowane buhu ya sauko daga Naira 2,000 zuwa 1,500, miliyan 30 na ɗawainiyar bana ta kwanta a sito tare da hajar da ba mai saye, riba ta kumbura, bonas ɗinsa ya fito, wanda zai gaje shi kuma ya gaji ruɓaɓɓen kaya. Wannan bai bambanta da mai awo da ya buga gindin mudunsa ya lotsa ba: mudun na nan, ana cika shi har ya yi tozo a gaban mai saye, amma an riga an ci haƙƙinsa tun kafin a fara awon.

Kada ku zaci wannan tatsuniyar aji ce. A shekarar 1998 kamfanin kwashe shara na Amurka, Waste Management, ya sake lissafin ribarsa ta shekarun baya ya rage kimanin dala biliyan 1.7, kuma babban abin da aka gano shi ne ana tsawaita shekarun motocin shara a takarda, ana kuma ƙara ƙiyasin abin da za a sayar da su idan sun tsufa, yayin da manyansa ke karɓar ladan ribar da ba ta wanzu ba. A 2015 kwamitin bincike ya gano cewa Toshiba ta ƙasar Japan ta ƙara wa ribarta kimanin yen biliyan 152 cikin kusan shekara bakwai, wani ɓangare ta hanyar rage ƙiyasin kuɗin da manyan kwangiloli za su ci, saboda shugabanni suna ɗora wa na ƙasa da su burin riba da ba ya cimmuwa, ba kuma wanda ya iya buɗe baki ya ce ba zai yiwu ba. Shugaban kamfanin, Hisao Tanaka, ya yi murabus. A nan gida ma, a 2006 aka bankaɗo cewa an kumbura littattafan Cadbury Nigeria da abin da ya kai Naira biliyan 13, manajan darakta da daraktan kuɗi suka rasa kujerunsu, masu hannun jari kuma suka kwana ciki.

Misalin da ya fi cancanta ku riƙe shi ne na kamfanin WorldCom a 2002, inda aka mayar da kuɗin hayar layukan sadarwa na dala biliyan 3.8 kamar jarin da aka zuba, don kada ya fito a matsayin abin da aka kashe. A kamfanin nan akwai wata akanta mai matsakaicin muƙami wadda zuciyarta ta ƙi abin, amma ta shigar da lambobin saboda tsoron rasa abincinta, ƙarshenta aka yanke mata wata biyar a kurkuku. A cikinsa kuma akwai Cynthia Cooper, shugabar binciken kuɗi ta cikin gida, wadda ta bi diddigin lambobin tare da ma'aikatanta, sau da yawa cikin dare, har ta kai maganar gaban kwamitin daraktoci. Shi shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, shekara 25 aka yanke masa. Umarnin na gaba bai zama uzuri ga kowa ba a gaban alƙalin duniya, to ina ga gaban wanda ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa?

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda take cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da adalcin marubuci ta sauka, an kuma saukar da sura guda da sunan masu tauye awo. Malaman fiƙihu sun yi bayanin aikin muhtasibi mai duba ma'auni a kasuwa. Saboda haka ƙiyasin akanta shahada ce, domin da shi banki zai ba da rance, da shi gwamnati za ta yanka haraji, da shi gwauruwar da ta zuba gadon marayunta za ta yanke shawarar sayar da hannun jarinta ko riƙe shi. Mai ƙiyasi yana iya yin kuskure bayan ya yi iyakar ijtihadinsa, ba laifi a kansa. Abin da yake ha'inci shi ne a fara zaɓen ribar da ake so, sa'an nan a koma a nemo ƙiyasin da zai haife ta.

Nasihata gare ku ita ce ku rubuta hujjar kowane ƙiyasi tun kafin ku ga inda zai kai riba, ku jingina ta ga shaidar injiniya ko ta tarihin shekarun baya. Duk wanda ya nemi ku canza, ku roƙe shi cikin ladabi ya ba ku dalilinsa a rubuce, domin mafi yawan irin wannan buƙata ba ta son takarda. Idan aka nace, akwai kwamitin binciken kuɗi, akwai ƙungiyoyinku na ICAN da ANAN da dokokinsu na ɗa'a. Ku kuma tsare kanku daga rayuwar da ta fi ƙarfin albashinku, don wanda bashi ya shaƙe wa wuya ba ya iya cewa a'a.

Ku kuma masu kamfanoni da kuka halarta don ɗaukar waɗannan yara, ina roƙonku ku dubi yadda kuke saka wa manajojinku, gama wanda ya rataya rabin abin da mutum zai samu a kan ribar shekara ɗaya, sa'an nan ya damƙa masa alƙalamin da ake auna ribar, yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Ku auna su da kuɗin da ya shigo hannu da lafiyar kamfani ta shekaru, ku jinkirta wani ɓangare na bonas, ku ajiye ikon karɓe shi idan lissafi ya warware, kamar yadda dokar Sarbanes-Oxley ta Amurka ta tanada tun 2002.

Allah ya sanya albarka a cikin wannan ilmi, ya ba ku halaliyar da za ta wadatar da ku daga haram, ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.