Motar Haibirid A Kaduna: Tuƙinta Da Gyaranta

 

Sakatare ya ba ni minti ashirin, ya ce in yi magana a kan motocin nan da ake kira haibirid, wato masu ruwa biyu, masu aiki da fetur da kuma lantarki a lokaci guda. Dalilinsa kuwa shi ne 'yan ajinmu da dama sun ajiye aiki, sun karɓi giratuti, kuma kowa ka gani sai ya ce zai sayar da tasa ya sayi wadda ba ta shan mai. Tun da na shekara bakwai ina tuƙa Lexus RX 450h daga gidana da ke Mando, aka ce ni zan zo in faɗi abin da na gani. Malamanmu su yi mini afuwa, yau ɗalibi ne riƙe da alli.

Kowa ya san abin da ya kawo wannan magana. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Daga nan ne motar da a da dila ke rasa yadda zai yi da ita ta zama amarya.

Ita wannan fasaha ba jiya ta fito ba. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a 1997, sannan reshensa na motocin alfarma, wato Lexus, ya fitar da RX 400h a 2005, RX 450h ta biyo baya a 2009. Camry mai ruwa biyu ma tun 2006 take. Galibin waɗanda ke yawo a Kaduna tsofaffi ne daga Amurka, irin waɗanda muke ce wa 'yan Kwatano, ko da yake a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma sunan ya riga ya zauna.

Bari in fara da daɗin, don kada a ce na zo kushe. In ka danna maɓalli ba za ka ji ƙarar kik ba, domin ba ta da shi, sai dai wata koriyar fitila ta kama a gabanka mai rubutun READY, shi ke nan mota ta tashi. Ka fito daga gida da asuba maƙwabcinka bai sani ba. Kuma ba raggon abu ba ce: RX 400h ƙarfin doki 268 gare ta, RX 450h ta farko kuwa 295, kuma da yake motar lantarki ba ta jiran injin ya ɗauki zafi, da ka taka totur take zabura. Wanda ya taɓa son wuce tirela a hanyar Zariya ya san amfanin wannan. Giyarta ba ta canzawa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka saba, tafiya take yi sumul, abin da ke sa wasu kanikawa su ce wai giyabos ɗin ya mutu alhali lafiyarsa lau.

To, amma ina ribar take? Nan nake son a saurare ni da kyau, don a nan mutane ke yin lissafin dokin rano. Bisa awon da hukumar muhalli ta Amurka ta yi wa ƙirar 2010, in aka juya shi zuwa ma'auninmu, RX 450h tana cin kimanin kilomita 13 da rabi da lita guda a cikin gari, 'yar uwarta RX 350 mai fetur zalla kuwa ba ta cika kilomita 8 ba. A babbar hanya fa? Ta farko kusan kilomita 12, ta biyu 10 da rabi. Kun ga tazarar ta tsuke ke nan. Dalili kuwa, duk lokacin da ka taka birki motar tana mai da wannan ƙarfi ya koma caji, in ka tsaya kuma injin ya mutu da kansa. Saboda haka gosulon shataletalen Mando, da na Kawo, da na titin Ahmadu Bello, wanda ke cinye wa kowa mai, ita abincinta ne. Mutumin da ke yin kilomita 1,200 a wata cikin gari zai sha kamar lita 90 maimakon lita 155. Wanda kuma aikinsa Kaduna zuwa Abuja ya komo, kusan kilomita 380, abin da zai rage bai wuce lita huɗu ba. Wannan kuma awon sabuwar mota ne. Wadda ta shekara goma sha biyar tana fama ba za ta kai haka ba. Don haka duk ɗan uwan da ya san zirga-zirgarsa ta Kano ce ko Abuja, ya riƙe kuɗinsa, ba shi aka yi wa wannan mota ba.

Shirun nata ma yana da nasa haɗari. A lungunanmu yara da awaki da kunne suke kauce wa mota, ita kuwa ba su jin zuwanta. Sannan akwai masu fita su bar ta a kunne cikin garejin gida suna zaton ta mutu, can cikin dare injin ya tashi da kansa don ya yi caji, hayaƙi ya cika gida. Kafin ka rufe ƙofa, duba ka ga koriyar fitilar nan ta mutu.

Yanzu sai babbar magana, wato gyara. Mu da muka tashi zamanin Fijo 504 an shagwaɓa mu. An fara harhaɗa ta a Kakuri a 1975, ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya je wurin dila irin su SCOA ya ɗauko ta da ledarta, da ɗan littafin sabis, kayan gyaranta kuwa har a ƙauye. Kowane bakanike ya haddace ta kamar karatun allo. In ta ƙi tashi a tura, in fanbel ya tsinke a ɗaura wani abu a ƙarasa gida. Haibirid ba ta san wannan wasa ba. Ba a tura ta ta tashi, kuma ba a ɗaura mata igiya a ja ta tayoyi na ƙasa, domin juyawar taya tana haifar da wuta a cikinta. In ta tsaya, ɗora ta ake yi a bayan janwe.

Batir biyu gare ta. Akwai ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota, babban aikinsa ya farkar da kwamfuta. Sau da yawa in an ce haibirid ta ƙi tashi, shi ne ya yi sanyi, amma sai a tsorata mai ita a ce babban ne. Babban kuwa yana ƙarƙashin kujerar baya a RX, bolt 288 gare shi, kuma akwai na'urar da ake kira inbata da ke ɗaga wutar har zuwa bolt 650. Malaminmu na kimiyya yana zaune a nan, shi ya koya mana cewa wutar gida 230 ce kuma tana kisa. Duk wayar da kuka gani mai ruwan lemo a cikin motar nan, ita ce ta babbar wuta. Na taɓa tsayawa a wani gareji a nan Mando don a canza mini fitila, sai na ga yaron mai waya, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, ya nufi irin wannan waya a wata Camry da filaya a hannu, ba safar hannu, ba takalmi. Da na daka masa tsawa sai maigidansa ya ce ai an kashe mota. Ƙa'idar aikin ita ce a sa safar roba mai jure bolt 1,000, a zare wani toshe mai ruwan lemo da ke jikin batirin, a jira kamar minti goma wutar da ta taru a inbata ta sauka, sannan a taɓa. Wannan yaro ɗan wani ne, kuma irinsa sun fi a ƙirga daga Mando zuwa Panteka.

Babban abokin gabar batirin nan zafi ne, zafi kuwa Allah Ya hore mana shi a watan Maris da Afrilu. Fanka ke sanyaya shi, tana jan iska daga cikin mota ta wasu 'yan ramuka da ke wajen kujerar baya. Ƙurar hunturu ta toshe su, uwargida ta jibga buhun shinkafa a kai, yara su zubar da lemo, sai batir ya riƙa dahuwa ba wanda ya sani. Ni duk ƙarshen hunturu nake sa a kwance fankar a share, aikin da bai kai kuɗin cika tanki ba. Kuma ba ta son zama. Wanda zai tafi aikin Hajji ya bar wa wani amintacce makulli ya riƙa kunna ta, giya tana kan P, domin in tana kan N ba ta caji.

Sai abubuwa uku da na ga sun kashe motocin mutane, duk a hannun masu kyakkyawar niyya. Kwamfaresan esi nata na lantarki ne, mansa daban ne, ana ce masa ND-11. In mai esi ya ɗura mata irin man da ya saba, wuta ta fara zurarewa, kwamfuta ta hana motar tashi. Inbata tana da nata ruwan sanyi da nata famfo, ban da na lagireto, kuma ba ruwan rijiya ake zuba mata ba. Na uku masu wankin mota da ke buɗe bonet su saki tiyo. A ƙara da ɓarayin abin nan na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi, na haibirid ya fi tsada a wurinsu, don haka a san inda za a kwanar da mota.

To ina za a kai ta? Na gwada duka biyun. Na kai tawa wani babban garejin dila a Abuja, kuma gaskiya in faɗa, sun san aikinsu: suka jona kwamfuta mai manhajar Toyota da ake kira Techstream, suka nuna mini ƙarfin kowane ɓangare na batirin a takarda, suka zuba man giya na ainihi. Amma na kwana biyu a garin, kuma wani ɗan ƙaramin famfo sai da na jira shi mako biyar kafin ya iso. Tsarinsu kuma ba gyara ba ne, canji ne: abu ya lalace, a cire shi ɗungurungum a sa sabo, kai kuma ka biya. Kada kuma wani dila ya ruɗe ku da zancen garanti. Wanda Toyota ke ba kayan haibirid a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, daga ƙirar 2020 aka ƙara na batir zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Motar 2010 ta daɗe da wuce nan.

A gefe guda kuma akwai matasanmu na Kaduna da suka koyi aikin da kansu. In lambar P0A80 ta fito, wadda ke nufin batir ya gaji, sukan buɗe shi su canza 'ya'yan da suka mutu. Batirin Prius ta biyu 'ya'ya 28 ne, na Camry ta farko 34. Aikin yana da araha kuma mota takan tashi, sai dai sabon ɗa cikin tsofaffi kamar saurayi ne cikin 'yan fansho, tafiyarsu ba ta zuwa ɗaya, bayan 'yan watanni wani ya sake faɗuwa. Wanda ya iya yakan auna su duka ya daidaita cajinsu, wanda bai iya ba kuwa ya goge lambar da kwamfuta ya ce an gama. Ra'ayina shi ne, juyen baƙin mai da birki da taya a yi su a gida wurin bakaniken da aka yarda da shi, a tsaya a kansa ya zuba mai mara kauri irin 0W-20 da littafin ya ce. Abin da ya shafi waya mai ruwan lemo kuwa, kada a ba wanda ba ya da kwamfuta da safar hannu, ko da ɗan uwa ne.

Mai niyyar saye kuma, kada ƙyallin fenti ya ɗauke masa hankali. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da alƙalami 17, da ita ake binciko tarihinta a intanet. Motoci da yawa da ambaliya ta cinye a Amurka, kamar ta guguwar Harvey a 2017, gwanjonsu aka yi aka fitar da su waje, ruwa kuwa da wannan batir ba su ga maciji. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa ƙarƙashin kujera. Mai sha'awar RX 400h ya bincika ko an yi mata gyaran inbata da Toyota ta kira a yi a 2011. A jona kwamfuta kafin a biya, a tuƙa ta rabin awa da esi a kunne, daga Mando a bi hanyar filin jirgi a komo, sannan a sake jonawa. Dilan da ya ƙi yarda da haka, a yi masa sallama. Kuma a ware kuɗin batir a ajiye tun ranar saye, kada giratuti ya tafi gaba ɗaya a kan mota ɗaya.

Shugaba, ina da roƙo guda kafin in zauna. Asusun ƙungiyar nan yana biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa kowace shekara. Ina ba da shawara a bana a zaɓi yara biyu daga cikin waɗanda suka gama makarantarmu, masu kai a fannin kimiyya, a biya musu koyon gyaran waɗannan motoci, a saya musu kwamfutar awo da safar hannu. Ni na ɗauki nauyin kwamfuta ɗaya. Ina roƙon sakatare ya sa maganar cikin ajandar zama na gaba.

Tawa motar tana waje kusa da ƙofa, ƙaramar na'urar awona tana ciki. Duk wanda ya zo da haibirid ya same ni bayan sallar la'asar in duba masa batirinsa kyauta, malamanmu su ne farko a layi.