Shekara Arba'in Da Abin Da Ke Bayanta: Hikima, Tausayi Da Ƙauna

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan shekarun da ke biyo bayan ƙuruciya ce, wato daga arba'in zuwa tsufa. Da yawa daga cikinmu mun shigo wannan kira na komawa ga Alƙur'ani da Sunna muna samari, jininmu yana tafasa. Yau ga shi furfura ta fara leƙowa a gemun wasunmu, waɗanda suka karantar da mu kuma sun fara dogara sanda. Saboda haka ya wajaba mu tsaya mu tambayi kanmu: me shari'a take nema daga mutum idan ya kai wannan mataki, kuma me take nema daga waɗanda ke kewaye da shi?

Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana mana a Suratur Rum, aya ta 54, cewa rayuwar ɗan Adam tana farawa da rauni, ta kai ga ƙarfi, sannan ta koma ga rauni da furfura. A Suratul Ahƙaf, aya ta 15, Ya ambaci shekara arba'in da adadinta, Ya kuma koyar da abin da mai wannan shekaru zai roƙa: ikon gode wa ni'imar da aka yi masa shi da iyayensa, da dacewa da aiki nagari, da shiryuwar zuriyarsa, tare da tuba. Mu lura da wannan addu'a. Ta ɗora ɗan arba'in a tsakiya, iyaye suna samansa, 'ya'ya suna ƙasansa, kowane ɓangare yana da haƙƙi a kansa. A wannan shekaru ne aka aiko Manzon Allah (S.A.W.), ya kuma yi wafati yana da shekara 63. Ashe duk aikin da ya fitar da mutane daga duhu zuwa haske an yi shi ne bayan arba'in.

Imam Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa Imam Malik ya ba da labarin ma'abota ilmi na Madina, suna cuɗanya da jama'a suna neman abin duniya, amma da zarar ɗayansu ya cika arba'in sai ya karkata ga shirin lahira. Bukhari kuma ya ruwaito hadisin da ke nuna wanda Allah Ya ja ransa har shekara 60 ba shi da sauran hanzari.

HIKIMA

Kada mu zaci hikima tana zuwa ne tare da furfura kamar yadda ciwon gwiwa yake zuwa. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa ɗan Adam yana tsufa alhali abu biyu suna ƙara ƙuruciya a zuciyarsa: kwaɗayin dukiya da dogon buri. Shi ya sa za ka ga dattijo ya kwashe shekara goma yana zaryar kotu da ɗan'uwansa na jini a kan iyakar gona, ko kuwa yana ganin gazawa ce ya ce “na yi kuskure” a gaban 'ya'yansa.

Hikima ita ce ajiye kowane abu a muhallinsa, ƙofarta kuwa ilmi ne. Nan ne kunya take cutar da manyanmu. Mutum ya shekara 50 yana salla, bai gyara Fatiharsa ba, don yana jin nauyin zama gaban malamin da ya haife shi. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi. Yawancin manyan sahabbai sun koyi addinin nan ne da girmansu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa 'Yan Taru, manyan mata ta riƙa naɗa wa jaji, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Shi kansa Shehu yana da kimanin shekara 50 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya haura hamsin lokacin da tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta fito. Don haka muna kira ga rassanmu su kula da ajin manya a makarantun dare da na matan aure, a ware musu malami mai haƙuri, kada a haɗa uba da ɗansa a benci ɗaya.

TAUSAYI

A nan za mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Da yawa daga cikinmu, lokacin da muka fahimci Sunna, mun koma gida da kaushin harshe. Mun ga iyayenmu a kan wasu al'adu da bidi'o'i da suka gada, sai muka yi musu magana kamar muna yi wa sa'o'inmu. Akwai gidajen da har yau ɗa ba ya cin abinci kwano ɗaya da mahaifinsa saboda wata kalma da ta fito shekaru masu yawa da suka wuce. Abin da muka kira su gare shi gaskiya ne, kuma ba mu janye ba. Hanyar da muka bi ce take buƙatar tuba.

Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, ta hana mu nuna wa iyaye ƙosawa ko da da ƙaramar kalma, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman, domin a lokacin ne hidimarsu take nauyi. Suratu Luƙman, aya ta 15, ta umurci ɗa ya zauna lafiya da iyayensa a duniya ko da suna matsa masa ya yi shirka, sai dai kada ya bi su a kanta. To, ina ga uba Musulmi mai salla, wanda ilmi ne bai iso gare shi ba?

Mu dubi ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira. Sayyidina Abubakar (R.A.) ya jawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf, idonsa ya tafi, har lokacin bai musulunta ba. Manzon Allah (S.A.W.), a ranar da Makka duka take hannunsa, ya nuna da ma an bar tsohon a gida shi ya taka ya same shi. Ya zaunar da shi gabansa, ya shafi ƙirjinsa, ya kira shi zuwa ga Musulunci, ya kuwa karɓa. Wannan ma Sunna ce, kamar yadda tsayar da gemu da ɗage wando suke Sunna.

Ku kuma iyayenmu, tausayin da kuke so a yi muku ku fara shimfiɗa shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma idan babba ya faɗe shi da tsawa da gori, yaro ba zai ɗauka ba.

ƘAUNA

Allah Ya ambaci ƙauna da jinƙai tare a Suratur Rum, aya ta 21, a matsayin abin da Ya sanya tsakanin ma'aurata. Lokacin da ƙuruciya ta tafi ne ake gane ko an gina gida a kansu. Abin baƙin ciki, muna ganin mutum ya zauna da mace shekara 25, ta haifa masa 'ya'ya, ta ci tuwon dawa da shi lokacin babu, ranar da Allah Ya buɗa masa ya yi amarya sai uwargida ta zama kamar tsohon kayan ɗaki. Ƙarin aure halal ne, ba mai musun haka. Zalunci ne haram. Wani ma sakinta yake yi, ta koma gidan da iyayenta suka daɗe da rasuwa, ta zama nauyi a kan ƙannenta.

Wannan kukan ya taɓa hawa sama. Khaulatu bint Sa'alaba (R.A.) ta zo wurin Manzon Allah (S.A.W.) tana ƙarar mijinta Ausu bin Samit, wanda ya tsufa, ransa ya riƙa saurin ɓaci, har ya yi mata zihari, wato ya kamanta ta da mahaifiyarsa don ya haramta ta ga kansa. Ta koka cewa ƙuruciyarta ta ƙare a gidansa, sai da ta girma ya yi mata haka. Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan maganarta, Ya ɗora wa mijin kaffara. Ga kuma abin da ya kamata iyayenmu mata su ji: da ya kasance Ausu ba shi da bawan da zai 'yanta, ba ya iya azumin wata biyu, ba shi kuma da abin ciyar da miskinai 60, Manzon Allah (S.A.W.) ya taimaka da dabino, ita Khaulatu ta ƙara da nata, aka fitar da kaffarar, ta koma ɗakinta. Ta nemi haƙƙinta, ta kuma rufa wa tsohon mijinta asiri.

Shi kuwa Manzon Allah (S.A.W.) ya zauna da Nana Khadija (R.A.) kimanin shekara 25 bai haɗa ta da kowa ba. Bayan rasuwarta, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama, har Nana A'isha (R.A.) ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba, alhali ba su zauna tare ba. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani.

A ƙarshe, ya 'yan'uwa, muna ba kanmu da ku aiki uku kafin haɗuwarmu ta wata mai zuwa. Wanda yake da tsohon da suka ɓata, uba ne ko baffa ko malamin allo da ya koya masa baƙi, ya je da ƙafarsa ya durƙusa ya gaishe shi, kada ya tayar da muhawara a wannan zuwan. Wanda yake da uwargida ya binciki rabon kwanansa da cefanensa da sakin fuskarsa tun kafin a bincike shi. Wanda ya haura arba'in bai gyara karatunsa ba ya nemi malami a wannan makon.

Allah Ya sanya mu cikin waɗanda rayuwarsu ta yi tsawo aikinsu ya yi kyau. Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.