Alhamza da Sanda a Rumbun Kwamfuta



Wani zai ce ina ruwan malamin Hausa da rumbun bayanai na kwamfuta? To, ruwansa shi ne sunayen mutanenmu. A ɗauka akawu a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunkuyi ta Ƙaramar Hukumar Kudan, yana neman sunan manomi a rajistar rabon taki. In na'ura ta ce babu shi, taki ya wuce shi, alhali kuwa sunan yana nan kwance.

Harshen SQL, wanda aka yi wa ƙa'ida a Amurka a 1986, yana da hanya biyu ta nema. Ta farko ita ce daidaito, watau alamar =, inda tilas harafi ya yi daidai da harafi: Makarfi dabam, Maƙarfi dabam. Ta biyu ita ce kamanci, watau LIKE, inda alamar _ ke tsayawa a madadin kowane harafi guda. Wanda ya rubuta Ma_arfi ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Matsalar tana farawa daga alhamza. A wurinmu baƙi ce cikakkiya, kamar a Rabi'u da Sa'adatu. A wurin SQL kuwa alamar rufe zance ce. Saboda haka, a manhajar MySQL akan sa mata sanda mai jingina baya, \, a gabanta, don a ce wa na'ura: wannan harafi ne kawai.

To, in sandar ce kanta ake nema fa? A daidaito sanda biyu ake rubutawa, a kamanci kuwa huɗu. Dalili shi ne ƙofofi. Kowace ƙofa tana karɓar rabi, tamkar mai tsaron ƙofar birni da fatake. Zancen daidaito ƙofa ɗaya yake bi: mai karanta umarni ya mai da biyu ɗaya. Na kamanci biyu yake bi: mai karanta umarni ya mai da huɗu biyu, mai gwada kamanci ya mai da biyu ɗaya. Wanda ya aika biyu, sandarsa takan iso ƙofa ta biyu a matsayin 'yar rakiya, ba abin nema ba.

Saboda haka, ɗalibai, kafin ku gaya wa talaka cewa babu sunansa, ku ƙirga ƙofofin da tambayarku ta bi.