Sinja: Ƙasarmu da Hanyoyinmu (Jawabin Magatakardan Ƙungiya)

Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa fatake, barkanmu da zagayowar wannan rana.

An umarce mu da mu ce wani abu a kan ƙasar da muke neman abinci a cikinta. Mun amsa ne saboda har gobe akan tsayar da lorinmu a shinge a ce, "Ku 'yan ina ne?" Yaranmu da yawa kuwa sai su yi shiru.

To ga amsa. Tun kafin zuwan Turawa, maniyyata daga Kano, Sakkwato da Barno suke ratsawa ta nan a ƙafa zuwa Makka, suna noma a hanya don guzuri, wasu kuma suka zauna. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, har suka sauka bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin Maiwurno kudu da Sennar kaɗan. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, gonakin Jazira suka nemi hannu, kakanninmu na cikin waɗanda suka yi noman audugar, suka tsince ta. Wanda ya haura shekara ɗari a wuri, ai ya wuce baƙo.

Sai ita ƙasar. Sinja, hedkwatar Jihar Sennar, tana gaɓar yamma ta kogi, kimanin kilomita 60 kudu da garin Sennar. Kogin daga tafkin Tana na Habasha yake tasowa. Yakan cika maƙil a watan Agusta, ya bar mana laka, ita ke riƙe lambunan ayaba, mangwaro da gwaiba. In ka ba kogi baya ka nufi Dali da Mazmum, sai baƙar ƙasa ta riɗi, dawa da ƙaro. Kowane direba a nan ya san halinta: da damina ta riƙe taya kwana da kwanaki, da rani ta tsage har ƙafa ta faɗa. Shi ya sa dattawa ke cewa a kai kaya kafin ruwa ya sauka.

Hanyoyinmu uku ne. Arewa zuwa Wad Madani da Khartum. Kudu zuwa Damazin. Gabas kuma, in an haye gada, sai Dindir, Gadarif, Galabat, har Matema a Habasha.

'Yan'uwa, mun ga jarrabawa. A Yulin 2022 rikicin Jihar Shuɗin Nilu ya koro danginmu, muka sauke su a gidajenmu. A Yunin 2024 yaƙi ya shigo Sinja kanta, mu ma muka zama 'yan gudun hijira, sai a Nuwamba sojoji suka karɓe garin. Shaguna sun tafi, takardun gida da na gona da yawa sun salwanta.

Roƙonmu ɗaya ne. Kowa ya zauna da tsohon gidansu, ya rubuta sunan ƙauyensu, inda kakansa ya fito, da hanyar da ya biyo, ya kawo mana ofis mu haɗa a littafi guda. Jari in ya karye ana sake tara shi, amma tsoho in ya tafi da labarinsa, ba kasuwar da za mu sayo shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa albarka a fataucinmu. Wassalamu alaikum.