Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya Na Wata-Wata



Jama'a, mu nan Sabon Ibadan mun saba, da zarar idon yaro ya yi ja sai mu ce Afolo ce, a tura kemis a sayo maganin ɗigawa. To, akwai wata cuta da likitoci ke kira TINU, wadda ke kumbura ƙoda da cikin ido a tare. Likita Dobrin da abokan aikinsa ne suka fara bayyana ta a Amurka a 1975. Ba ta da yawa, amma ta fi kama matasa masu shekara 15 ko kusa da haka, musamman 'yan mata.

Ga yadda za mu bambanta. Afolo tana zuwa da ƙaiƙayi da kwantsa, ta bi gida kaf, ta wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Ita kuwa wannan ba a ɗaukarta. Ido ya yi ja, ya yi zafi, yaro ya riƙa gudun haske, gani ya dushe, galibi ido biyun. Sannan ga kasala, zazzaɓi, rama da yawan fitsari, wanda alama ce ƙoda ta taɓu. Wani lokaci ma sai ƙoda ta yi watanni da kamuwa kafin ido ya nuna.

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa jikin. A wasu mutane, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kan tayar da ita, waɗanda muke sha kamar gyaɗa bayan an tashi kasuwa.

Saboda haka, don Allah a bar ɗiga ruwan sukari ko nonon uwa. A kai yaro wajen likitan ido, ga UCH nan kusa da mu, a auna masa jini da fitsari. Maganinta steroid ne, amma sai da umarnin likita, domin shi kansa yana iya jawo yana ko hawan jinin ido. Ƙoda takan warke, amma ido yakan sake tashi, don haka kada a daina komawa asibiti don an ga sauƙi.

'Ya'yan nan amana ce a hannunmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.