Takardar Inshora Ba Ta Shingen 'Yan Sanda Ba Ce



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in ɗan yi bayani a kan inshora, ganin cewa da yawanmu yanzu Allah Ya hore mana abin hawa, wasu kuma sun buɗe makarantu, asibitoci da shaguna. Ba zan cinye muku lokaci ba, na ga an fara shigo da abinci.

Akasarinmu mun ɗauki inshorar mota a matsayin takardar da ake miƙa wa ɗan sanda a shinge. Alhali aikinta daban ne. Ana kiranta inshorar mutum na uku: kai ne na farko, kamfanin inshora na biyu, na uku kuma shi ne wanda ka buge, ko ka lalata wa dukiya. Ba ta gyara taka motar ko kaɗan. Abin da take yi shi ne biyan diyyar da ta hau kanka. Tun 1945, zamanin Turawa, aka yi dokar da ta wajabta ta a ƙasar nan.

Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ƙara kuɗin motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara. An yi ta gunaguni, amma kaɗan ne suka lura cewa abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya shi ma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan hanyoyi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya ba wani yaro a bakin ofishin lasin 'yan kuɗi kaɗan ya haɗo masa takardu, sau da yawa jabu ya saya. Takardar za ta wuce shinge lafiya lau. Amma ranar da, Allah Ya kiyaye, birki ya ƙwace ka afka wa motar wani, ko ka karya ɗan acaɓa mai iyali, babu kamfanin da zai san da zamanka. Daga aljihunka za ka biya asibiti da mai gyara, wataƙila har fili ya tafi. Wanda aka buge ɗin kuma, in ba ka da shi, shi ke nan an bar shi da Allah Ya isa. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta waya ya ga ko inshorarsa ta gaskiya ce. Ina roƙon kowa ya duba tasa kafin ya bar wurin nan.

Masu makarantu, asibitoci da otal, ku ma dokar ta shafe ku. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga, saboda rushewa ko gobara, kuma sabuwar dokar 2025 da ta maye gurbinta ba ta ɗage wannan ba. Wanda ya tara 'ya'yan mutane ɗari uku a bene ya san nauyin da ya ɗauka.

Na san wasunmu, har da malamanmu na Arabiyya da ke zaune a gaba, suna da ja a kan halaccin inshora. Wannan ja ba na banza ba ne, kuma an samar masa mafita. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakekeniya inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda asara ta sama, ba tare da riba ba. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yin ta mota, kuma doka ta yarda da takardarsu.

In hatsari ya auku, kada a tsaya cacar baki a titi. A kai rahoto ofishin 'yan sanda, a ɗauki hoto, a sanar da kamfani nan da nan, domin jinkiri na iya ba su hujjar ƙin biya.